Ni da Bawana a Hanyar Tsanyawa

Ana sallame sallar asuba muka fito bakin titin Bacirawa, ni da ɗan goggona, kowa fuska a ɗaure. Ni na ɗaure tawa don na san wahalar da ke gabana, shi kuma ya ɗaure tasa don ba da son ransa ya fito ba. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, shi ya sa tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuwa har furfura ta fara fito masa a gemu bai taɓa amsawa ba. Kayan sola yake sayarwa, ni kuma Turanci nake koyarwa a sakandare, don haka a wurinsa duk abin da na faɗa surutun aji ne.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu a wannan marra da kowa ke lissafi kafin ya hau mota. Kakansa na wajen uba Bamaguje ne, a wani ƙauye gaba da Tsanyawa. Ya haifi maza biyu. Babban ya musulunta, ya shigo Kano ya auri goggona. Ƙaramin ya zama Kirista, ya zauna yana noman gonar gado. Duk da haka 'yan'uwan nan ba su taɓa yanke zumunci ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da babban ya rasu. Ranar sadakar uku ƙanin ya zo daga ƙauye da naman rago cike da daro, an yanka an gyara. Bawana a lokacin yana da jini a jika, ga abokai zaune a ƙofar gida suna kallo, sai ya tare baffan nasa ya ce ba a yi wa Musulmi sadaka da yankan da ba a san wanda ya yi ba. Tsohon ya juya da daronsa. Tun ranar ba su sake haɗuwa ba. Goggo ta sha gaya masa cewa mutanen gidan nan ba sa yanka da hannunsu, ya ce kare su kawai take yi.

Yanzu baffan yana kwance, jiki ya ƙi, ya aiko har sau uku yana son ganinsa. Shi ne goggo ta kira ni ta ce, "Kai kaɗai ne kake zaginsa ya yi dariya. Ka kai min shi ko da ja ne. In tsohon nan ya tafi ba su shirya ba, ban san da wane ido zan kalli ubansa ba."

To ni malamin makaranta, da me zan ja ƙato? Sai na ɗauko makamin da na iya, wato littafi. Wani ƙaton labari ne na Turanci da na tsinta a wurin masu gwanjon littattafai a bakin titi. Bangonsa ya yage, shafin farko ma babu, don haka kada wanda ya dame ni da "Malam, meye sunansa?" Ban sani ba, wallahi. Labarin wasu wa da ƙani ne a wani ƙaramin gari a Amurka, ubansu ya mutu ya bar musu fili. Wan mutum ne mai ibada, yana so a gina coci a filin. Ƙanin kuma yana tara yaran gari yana koya musu wasan besbol a wurin. Shekara ashirin ba sa ga maciji da juna, matansu na miƙa wa juna abinci ta kan katanga a ɓoye. Sau biyu na karanta shi, duka biyun sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, in bawana ya ji wannan labarin kafin mu isa Tsanyawa, zuciyarsa za ta yi laushi.

Mun fi awa guda kafin bas ta cika. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani har ban iya maimaita shi a nan, kuma kujerar mutum uku mu huɗu aka cusa, gwiwata a bayan direba, gwiwar wani dattijo a haƙarƙarina. Kafin mu kai Dawanau direba ya tsaya wurin 'yan bumburutu ya sayi mai a gora, bai fi abin da za a jiƙa maƙoshi ba. Daga nan duk inda ya ga alamar gangara, ko da a mafarki ne, sai ya kashe mota mu riƙa tafiya shiru kamar masu rakiyar gawa. Manyan motoci na ta shiga Dawanau da buhunan hatsi. Wata mata a bayanmu ta bi su da kallo ta ce, "Ga abinci nan, sai dai ido ya ci." Ba wanda ya yi dariya.

A nan na zaro littafina na fara. Ko shafi ban buɗe ba bawana ya katse ni. "Tsaya, Malam. Meye besbol?"

Jama'a, sai a lokacin na gane na karanta shafi ɗari biyar a kan wasan da ban taɓa gani da idona ba. Na ce wani ne yake jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki, sai ya yar da kulkin ya ruga, ya zagaya fili ya dawo inda ya taso. Ya ce, "Ya dawo inda ya taso? To me ya fitar da shi?" Na ce haka dokar take. Ya ce raga nawa ce a filin, na ce babu raga. Ya ce nawa da nawa ake tashi, na ce wani lokaci sai a wuni ba a gama ba. Dattijon da gwiwarsa ke haƙarƙarina ya gyara murya ya ce, "Ɗan nan, wannan ai korar tsuntsu ne a gonar gero. Mu ma muna yi, ba mu dai sa masa suna ba." Mota ta kwashe da dariya, har kwandasta.

Na ce musu ba wasan ne abin dubawa ba, zumuncin ne. Ina! Bawana ya riga ya samu abin yi. Ya juya yana yi wa fasinja bayani cewa wannan da suke gani malamin Turanci ne, albashinsa ba ya kaiwa goma ga wata, amma ya zauna yana yi wa Turawa kukan fili. Ya ce langa ma ta fi wannan wasan ma'ana, don ita aƙalla ana ture mutum ya faɗi. Na ce bawa ba ya sa baki in ubangidansa na karatu. Ya ce ubangidan da ba shi da ko keke. Haka muka yi ta yi. Duk sanda na kawo maganar wa da ƙani sai ya mayar da ita kan kulki, kuma na san da gangan yake yi, shi ne abin da ya fi ƙona min rai.

A Bici direba ya ce taya na neman iska, muka sauka. Wata baiwar Allah na tuyar ƙosai a gindin darbejiya, ga kokonta da zafi. Ƙosan yanzu kuwa bai fi ƙwan zabo ba, ta ce wake ne ya yi tsada, mai kuma ba a magana. Ni uku na ci na haƙura. Bawana ya zauna a benci ya share faranti biyu, ya kora da koko kofi biyu, ya lashe yatsu, ya ce tafiyar dole ma tana da daɗinta.

Mun isa Tsanyawa da hantsi, ranar kasuwa ce. Abin da ya fi tsaya min a rai takin zamani ne. Da a buhu na san ana sayar da shi, yanzu a gwangwanin madara ake aunawa, manomi ya tsuguna yana taya shi kamar mai sayen gishiri. Tsohon gero ya yi ƙaranci, sabo bai iso ba, masu kwano sun fi masu buhu yawa. Ina cikin wannan kallo na waiwaya na ga bawana ya kara waya a kunne, wai wani mai gida ya kira daga Kano, batirinsa na hayaƙi, dole ya koma yanzun nan. Wayar da ko ƙara ba ta yi ba! Na fizge ta na jefa a aljihuna, na haɗa da hularsa. In wani ne ya yi masa haka a tsakiyar kasuwa da an yi dambe, amma taubashi ba a fushi da shi, sai dai a haɗiye. Ya bi ni tashar 'yan acaɓa kai ba hula yana ƙunƙuni.

Daga Tsanyawa zuwa ƙauyen babu inda za ka ce nan daji ne. Gona, gida, gona, gida, ko taku ɗaya ba a bari ba. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, wake na bin gindin dawa. Amma ana gane gonar da ta samu taki daga wadda ba ta samu ba tun daga nesa, wannan kore shar, ta kusa da ita ganye ya yi ɗorawa. Jakuna na wucewa da mangala, mata na tsinkar rama a bakin hanya. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwanmu, hanya duk ta caɓe. A wata kwana ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya ce in riƙe da kyau, kafin in tambaye shi me zan riƙe mun kwanta a taɓo. Farar shaddata ta tashi daga aiki, littafina ya sha ruwa har rabi. Bawana ya tsayar da nasa babur ɗin, ba don ya ɗaga ni ba, sai don ya yi dariya a tsanake.

Muna hango ƙauyen dariyar ta ɗauke. Ga ɗan ƙaramin coci na ƙasa da rufin kwano, ga masallaci can gaba kaɗan, famfon burtsatse guda a tsakaninsu yara na layi. 'Yar baffan, malamar firamare ce, ita ta tarye mu a zaure ta shigar da mu. Tsohon yana kishingiɗe a tabarma a inuwar rumbu, an tokare masa baya da matashi. Ya rame ƙwarai, amma kamarsa da marigayi ta ba ni tsoro, har yadda yake karkata kai in zai kalli mutum. Bawana ya tsuguna can nesa kamar wanda ya zo biyan bashin gaisuwa, ya ce, "Baffa, ina wuni. Ya jiki?" Tsohon ya kira shi da sunan da ubansa ne kawai ke kiransa da shi, ya ce, "Ka zo?" Ya ce, "Na zo." Aka tambayi goggo, aka tambayi iyali, aka tambayi damina. Daga nan shiru.

Ni kuwa Allah bai yi ni da jure shiru ba. Tsohon ya ga ina shanya littafi a kan turmi, ya ce wannan na mene ne haka da kauri. Shi ke nan, an taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na gyara zama na kwashe labarin tun daga farko, wa da ƙani, fili, coci, kulki da ƙwallo. Ya saurara sosai, har na fara jin daɗi na samu mai fahimta. Da na numfasa sai ya ce, "To duk shekarun nan wa ke noman filin?" Na ce ba kowa, Baba. Ya ce, "Shekara ashirin ba a shuka ko kuɓewa ba? Ai su biyun duka ba su da hankali." Ya yi tari ya ce, "To daga ƙarshe sun shirya?"

A nan na tafka shirmen da har yanzu in na tuna sai na runtse ido. Bakina ya riga hankalina, na ce a'a, wan ya kwanta ciwo, ƙanin ya yi ta jan ƙafa, ranar da ya iso ya tarar an binne shi. Na faɗi wannan a gaban mara lafiya, yana kwance yana kallona. 'Yarsa ta watso min wani kallo. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Bawana ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

Shigowar abinci ce ta cece ni. Inna, matar baffan, ta kawo tuwon dawa miyar kuka, ga zakara guda an dafa an ɗora a kai. Na riga na leƙa rumbun da muke zaune a inuwarsa, na san abin da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba, don haka na san abin da tuwon nan ya ci musu. Aka ajiye kwano a gaban tsohon, aka kawo ruwan wanke hannu. Ya ce, "Matso, ɗana, mu ci." Bawana bai ɗago ba, ya ce, "Alhamdu lillahi, Baffa. Azumi nake."

Ban san ko tsohon shakkun nan ne ya motsa masa ba, ko kunya ce ta hana shi sa hannu a kwanon mutumin da ya kora. Na dai ga hannun Inna ya tsaya a kan murfin kwano, na ga tsohon ya mayar da kansa kan matashi a hankali. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi masa ba. Duk gidan nan ba mai ikon ƙaryata baƙo sai ni, don haka na yi dariya da ƙarfi na ce, "Baba, ka ga halin bayin yanzu ko? Wane irin azumi ne ake ɗauka da ƙosai faranti biyu a Bici, bayan rana ta fito? Ga man nan ma bai bushe a gemunsa ba!" Kafin ya ankara ya kai hannu ya shafa gemun. Tsohon ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

Ana cikin haka wani dattijo ya yi sallama ya shigo, carbi a hannu, da ɗan gashin kaza maƙale a hannun rigarsa. Maƙwabcinsu ne, shi ke jan salla a masallacin da muka wuce. Ya zauna ya dubi bawana ya ce, "Kai ne ɗan marigayi? Ci abincinka, ni na yanka. Tun ranar da ubanka ya musulunta gidan nan ba su sake sa wuƙa a wuyan dabba ba, mahaifina suke kira, da ya rasu suka koma kirana. Ragon da aka kai Kano ma da hannun nan na yanka shi, bayan sallar asuba."

Inna ce ta ƙarasa, tana kallon ƙasa, ba faɗa a muryarta. Ta ce, "Ragon ma ba namu ba ne. Ubanka ya saye shi yana ɗan ƙarami ya kawo mana kiwo, ya ce na bikinka ne. Da ya rasu baffanka ya ce abinsa ne, a kai masa sadaka. Da aka dawo da shi, ga zafi ga mota ta lalace a hanya, kafin ya iso ya fara wari. Nan bayan rumbun muka binne shi."

Na san bawana shekara arba'in, ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar. Sai ya ja jiki, bai miƙe ba, da gwiwa ya matso har gaban tsohon, ya wanke hannu ya yi bismilla. Ya ce, "Baffa, ka yafe min." Tsohon ya ce, "Ci tukuna, tuwo na hucewa." Ya ciro cinyar zakaran ya tura gabansa. Shi kansa loma biyu ya iya yi, amma bai cire hannunsa daga kwanon ba har sai da bawana ya gama. Ni aka ba ni nawa daban, na juya musu baya ina ci, don idona ya fara ba ni kunya.

Bayan azahar muka yi haramar tafiya. Aka cika mana leda da ɗanyar gyaɗa da sabuwar masara. Littafin kuwa can na baro shi. Tsohon ya ce a bar wa 'yarsa ta riƙa fassara masa kaɗan-kaɗan, yana so ya ji ko daga baya an samu mai hankalin da ya nome filin.

A motar dawowa an sake cusa mu huɗu-huɗu, direban wannan ma mai kashe inji ne. Wajen Dawanau bawana ya ce, "Ba ni wayata da hulata." Na ba shi. Ya ce ranar Asabar zai koma ya sa musu fitila, ya kuma kai tsohon asibiti, kuma ba da ni za a je ba. Ya ce, "Kai kuma don Allah kada ka sake ba mara lafiya labari." Na ce bawa ba ya kafa wa ubangidansa doka. Ya ce, "To, ranka ya daɗe," yana kallon taga.

Littafin nan dai har gobe ina cewa duk wanda ya ci karo da shi a gwanjo ya saya, ko da bai san kan besbol ba, don ni ma ban sani ba. Amma tafiyar ta koya min cewa na ɗauki kaina da girma. Na yi zaton labarin wasu ne zai gyara namu, na yi ta zuba tun daga Bacirawa, ashe namu na can bayan rumbu ba wanda ya tsaya ya tambaya. In kana da wanda kuka ɓata, kada ka jira sai ka shirya abin faɗa. Ka je kawai, in an ajiye kwano ka sa hannu.

Ana kiran magariba muka shiga gidan goggo. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da buta a hannu. Ba ta tambayi hanya ba, ba ta tambayi taɓon da ke jikin rigata ba, ba ta ma kalli ɗan nata ba. Ni ta kalla ta ce, "Ya ci?" Na ce, "Ya ci, Goggo. Kwano ɗaya." Ta ajiye butar, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.